Sudan: Ƙananan Bindigogin Da Ake Sarrafawa A Gida Da Makomar Hausawan Jazira Da Nil Azrak

Duk mai bin labarin yaƙin Sudan tun daga ranar 15 ga Afrilun 2023, kunnensa ya cika da maganar jirage marasa matuƙa da manyan igwa da motocin yaƙi da ake zargin wasu ƙasashe na turo wa sojojin gwamnati ko dakarun RSF. Amma akwai wani sashe na rahoton da ƙungiyar Amnesty International ta fitar ranar 25 ga Yulin 2024 wanda bai samu kulawar da ta kamace shi ba, alhali kuwa shi ne ya fi shafar ɗan kasuwa mai ɗaukar kaya daga wannan iyaka zuwa waccan. Ƙungiyar ta bi diddigin takardun shigo da kaya sama da 1,900, ta gano cewa kamfanonin Turkiyya sun sayar wa 'yan kasuwar Sudan dubban ɗaruruwan bindigogin ƙara, wato irin waɗanda aka ƙera don su yi tsawa kawai ba tare da sun fitar da harsashi ba, tare da miliyoyin ƙunshin albarushinsu. Ta kuma ce tana da yaƙinin cewa ana mayar da su bindigogin kisa a cikin Sudan, kuma ba kaɗan-kaɗan ba.

Tambayar da mai hankali zai fara yi ita ce, me ƙasa ɗaya za ta yi da dubban ɗaruruwan bindigogin da ba su harbi? Bukukuwan aure nawa ake yi a shekara? Amsar a fili take. Ba don ƙarar ake sayensu ba, don abin da za a iya mayar da su ne. Kuma wannan aiki ba ya buƙatar masana'anta irin ta Yarmuk da ke kudancin Khartum. Ɗan shago ne a unguwar masu gyaran mota, da injin walda, da injin feƙe ƙarfe wanda mutanen Sudan ke kira makharata, sai kuma yaron da ya kalli bidiyo a wayarsa ya ga yadda wani Bature ke yi a garejin gidansa.

A nan ne maganar ta haɗu da bindigar iska, wadda yawancinmu muke ɗauka abin wasan samari. Ga wanda bai santa ba, bindiga ce da ba ta amfani da albarushi. Wata sifirin ne ke tura iskar da ke cilla 'yar ƙwayar dalma, wata kuma tana da tulun iska da ake ɗura mata da famfo. Masu harbin kurciya da hasbiya sun daɗe suna amfani da ita, kuma saboda rauninta ne ƙasashe da dama ke sassauta dokarta. Amma sassaucin nan yana da iyaka, kuma da ma'auni ake yin sa. A Jamus, wadda ƙarfinta bai wuce jul 7.5 ba ce baligi zai saya ba tare da lasisi ba. A Ingila iyakar tana wajen jul 16, da zarar ta haura nan doka ta daina kallonta a matsayin abin harbin tsuntsu, ta shiga sahun bindigogin da sai da takardar 'yan sanda. Ke nan mutumin da ya zauna a gida ya feƙe wani sashe, ya canza wani, don bindigarsa ta ƙara ƙarfi, ba gyara kawai ya yi ba. Ya fitar da ita daga wani aji na doka ya shigar da ita wani, ko ya sani ko bai sani ba. A intanet akwai masu yin wannan don nishaɗi, suna gasar wa ya fi wani. Su a can, in abu ya ɓaci akwai asibiti kusa, akwai lauya. Ɗan ƙauyen da ke bakin kogi a kudu da Sinnar ba shi da ko ɗaya.

Haɗarin farko ma kan mai bindigar yake faɗawa. Tulun iskar irin waɗannan bindigogi yakan ɗauki matsin da ya kai ba 200, alhali tayar ƙaramar mota ba 2 da 'yan kai take ɗauka. Wanda ya taɓa ganin fashewar tayar babbar mota a wurin faci, sai ya kwatanta abin da ya ninka wannan sau da yawa, kuma a manne da kumatunsa. Ba banza ba Ingila ta kafa gidan gwajin bindigogi a Birmingham tun 1813, inda ake jarraba bututun bindigar albarushi da ƙarfin da ya wuce na ƙa'ida kafin a buga mata hatimi a kai ta kasuwa. Ƙarfen da aka ciro daga tsohuwar mota ko bututun famfo ba wanda ya gwada shi. Bindigar ƙara kuwa tun asali da ƙarfe mai rauni ake yinta, domin ba a yi ta don ta jure harsashi ba. Mu nan ƙasar Hausa ba baƙin wannan labari ba ne. Sunan da iyayenmu suka sa wa bindigar maƙera, harba-ka-ruga, ya isa bayani, kuma kusan kowane gari mai mafarauta yana da dattijon da bindigar toka ta cinye wa yatsu.

To me zai sa mutum ya jefa kansa cikin wannan? Ba za mu yi wa 'yan'uwanmu na Sudan adalci ba idan muka tsaya a kan wa'azi ba tare da mun dubi halin da suke ciki ba.

Hausawa da Fulanin da ke Jazira da Sinnar da Nil Azrak, wato jihar da ke bin Shuɗin Kogin Nilu har iyakar Habasha, ba jiya suka zo ba. Hanyar hajji ta ƙasa ta ajiye wasu tun ƙarnoni da suka wuce. Bayan da Turawa suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya a Burmi a 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja sauran jama'a zuwa gabas, suka sauka a bakin wannan kogi a 1906, kuma garin Mai Wurno da ke kudu da Sinnar sunansa yake amsawa har gobe. Da aka gama madatsar ruwan Sinnar a 1925 aka buɗe gandun Jazira, wanda daga baya ya haura fadan miliyan 2, gumin mutanen yamma ne ya ɗebe auduga mai yawa a cikinsa. Sai dai kaɗan daga cikinsu ne suka samu hawasha, wato gonar da hukumar gandun ke raba wa manoma. Da dama sun zauna a sansanonin leburori da ake kira kanabi, tare da mutanen Darfur da na duwatsun Nuba, wuraren da galibi ba makaranta, ba ruwan famfo, ba takardar fili. Ita ma dokar zama ɗan ƙasa ta 1957 ta ce sai wanda kakanninsa suke ƙasar tun 31 ga Disambar 1897, ka ga ke nan jama'ar Mai Wurno ma sun makara da shekara 9. Daga baya dokar 1994 ta dawo da ranar zuwa 1 ga Janairun 1956. Amma gyara takarda daban, gyara zukata daban. Idan mai karatu bai manta ba, a 2008 wata jarida ta jingina wa Umar al-Bashir maganar cewa Hausawa ba 'yan Sudan ba ne, ya musanta, amma sai da aka yi zanga-zanga mai zafi a Gadarif da wasu garuruwan gabas.

Manomin wannan yanki yana da abokin gaba na gado, shi ne jan-baki. Hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta cewa tsuntsu ɗaya na cin giram 10 na hatsi a rana, ke nan garken miliyan 2 zai lashe tan 20 kafin rana ta faɗi. Wannan shi ne dalilin da ake yawan bayarwa na ajiye bindigar iska ko ta ƙara a gona, kuma ba ƙarya ba ne gaba ɗaya, ƙara takan tashi tsuntsu. Sai dai kowane manomin dawa ya san ba a yaƙin jan-baki da ƙwaya ɗaya-ɗaya. Maganinsa feshin jirgin sama ne a mashekarsa da daddare, aikin da sashen kare amfanin gona na gwamnati ya saba yi kafin yaƙi ya wargaza komai. Ko an ninka ƙarfin bindigar iska sau uku, tsuntsu ɗaya dai za ta kayar a harbi ɗaya. Don haka wanda ya ce maka don jan-baki yake neman ƙarin ƙarfi, ka san akwai wani abin da ke ransa.

Abin da ke ransa kuwa ya faro ne tun kafin wannan yaƙi. A tsakiyar Yulin 2022 rikici ya ɓarke a yankin Gaisan tsakanin Hausawa da wasu ƙabilun yankin, Barta da Hamaj da sauran dangogin Funj, ya bazu zuwa Rusairis da Wad al-Mahi. Tushensa shi ne buƙatar da Hausawa suka gabatar ta a ba su masarauta tasu a cikin tsarin sarautun gargajiya, ɗaya ɓangaren kuma ya ce sarauta da mallakar ƙasa take tafiya, kuma ƙasar tasu ce. A ƙarƙashin wannan akwai siyasar da ta biyo bayan yarjejeniyar Juba ta Oktobar 2020, wadda ta ba ɓangaren Malik Agar na SPLM-N iko a jihar. An kashe sama da mutum 100 a cikin 'yan kwanaki, Hausawa suka fito zanga-zanga a Kassala da Gadarif da Port Sudan da Khartum. A watan Oktoba abin ya sake dawowa a Wad al-Mahi, ya fi na farko muni, jami'an lafiya suka ƙirga sama da gawa 200. Ofishin jinƙai na Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce daga Yuli zuwa ƙarshen Oktoban 2022 an kashe aƙalla mutum 359, sama da 97,000 kuma sun bar gidajensu. An sa hannu kan wata yarjejeniyar zaman tare a Damazin a Janairun 2023 a gaban Janar Burhan, wata uku bayan nan ƙasar baki ɗaya ta kama da wuta.

Abin da ya biyo baya sananne ne, don haka ba za mu daɗe a kansa ba. RSF ta kama Wad Madani a Disambar 2023, ta kama Sinja a ƙarshen Yunin 2024. Sojoji sun ƙwato Sinja a Nuwambar 2024, suka ƙwato Wad Madani ranar 11 ga Janairun 2025, sannan Khartum a watan Maris. A tsakanin nan ƙauyukan Jazira sun ga abin da ba su taɓa gani ba, an kwashe motoci da taraktoci da hatsi, an keta haddin mata. Bayan faɗuwar Wad Madani ne aka fara shelar gwagwarmayar jama'a, shugabannin soja da kansu suka ce za su ba farar hula makamai. Tun kafin nan ma ƙasar cike take. Cibiyar Small Arms Survey da ke Janiba ta ƙiyasta bindigogi kusan miliyan 2.8 a hannun farar hular Sudan a 2017, wani kwamitin gwamnati kuma ya ce sun kai miliyan 5 a ƙarshen 2022, ban da na 'yan tawaye. Mutumin da ya ga maƙwabcinsa da kalashinkof, shi kuma kuɗinsa bai kai ba, ba abin mamaki ba ne ya ɗauki abin da ke rataye a bango ya nufi wurin mai makharata.

Ni dai a nawa ganin, wannan ciniki ne na asara, kuma dalilina ba na tsoro ba ne, na lissafi ne. Harsashin kalashinkof yana fita da ƙarfin da ya kai wajen jul 2,000, yana kuma kashe mutum daga nisan mita 300. Bindigar iskar da aka wahala aka kai ta jul 40 ko 50 za ta iya tsiyayar da idon yaro, za ta iya kashe ƙanin mai ita in tsautsayi ya gitta, amma ba za ta tsayar da mota mai ɗauke da doshka ba. Ta yi ƙarfin da za ta jawo maka tuhuma, ba ta yi ƙarfin da za ta kare ka ba. Dubi Wad al-Nura, inda aka kashe sama da mutum 100 ranar 5 ga Yunin 2024. Da duniya ta yi caa, abin da RSF ta ce shi ne sojoji da 'yan sa-kai ta kai wa hari a kewayen ƙauyen. Haka bayan da Abu Akila Kaikal ya sauya sheƙa daga RSF zuwa soja a Oktobar 2024, aka bi ƙauyukan gabashin Jazira da ramuwar gayya, a Sariha kaɗai aka kashe mutum 124. Mai neman hujjar afka wa ƙauye, bindiga biyu ko uku sun ishe shi ya kira shi sansanin abokan gaba.

Ga Bahaushe kuwa haɗarin ninki biyu ne, domin ɗaya ɓangaren ma ba ya rasa abin faɗa. Lokacin da sojoji ke dawowa Jazira, an zargi mazauna kanabi da haɗa baki da RSF. Ƙungiyar Human Rights Watch ta ruwaito cewa ranar 10 ga Janairun 2025 dakarun Kaikal, waɗanda a lokacin suke tare da soja, sun afka wa Kambo Tayba suka kashe aƙalla mutum 26, suka ƙona gidaje suka kora dabbobi. Rundunar soja ta ce laifin ɗaiɗaikun mutane ne, aka kafa kwamitin bincike. Jama'ar da aka daɗe ana kira baƙi a ƙasar da aka binne kakanninsu ba su da sararin da wasu ke da shi. In aka kama shagon sarrafa bindiga a ƙauyen wata ƙabila, za a ce wane ya yi laifi. In aka kama shi a ƙauyen Hausawa, za a ce Hausawa na tara makamai, kuma maganar za ta yi yawo a Facebook da WhatsApp kafin magariba, kamar yadda maganganun ƙiyayya suka yi yawo a 2022. Kifi ɗaya ne zai ruɓe, amma kwandon duka za a zubar.

Na san abin da wasu za su ce, domin duk ranar da muka taɓo wannan batu a shirinmu na rediyo sai layin waya ya cika. Za su ce to a zauna a miƙa wuya? Wanda aka ƙona wa gida sau biyu ba ka da bakin ce masa ya yi haƙuri. Gaskiya ne, kuma ba ni da amsar da za ta kwantar masa da hankali a daren da ake buga masa ƙofa. Abin da kawai zan nuna masa shi ne hanyar da muka bi a nan. A Zamfara da Katsina, tun wajen 2011, 'yan sa-kai suka tashi da bindigogin maƙera don maganin ɓarayin shanu. Ɓarayin ba su gudu ba, sai suka sayo kalashinkof. Aka shiga ramuwa da ramuwar ramuwa, har ta kai gwamnatin Bello Matawalle a Yunin 2022 ta ce wa jama'a kowa ya nemi lasisin bindiga. Shekara goma sha wani abu bayan tashin 'yan sa-kai, kasuwannin Jibiya da Shinkafi da Illela sun san abin da aka girba. Ƙaramin makami bai taɓa rufe gasar makamai ba, shi ne ke buɗe ta, kuma kullum wanda ya fi kuɗi ne ke cin ta.

Yanzu bari mu zo kan ku 'yan kasuwa, domin a hannunku abin ke wucewa. Mai makharata yana zaune wuri ɗaya. Abin da yake aiki da shi kuwa wani ne ya ɗauko masa, kwalin bindigogin ƙara, gwangwanin ƙwayar dalma, sifirin, tulun iska, madubin saiti. Da yawa daga cikin waɗannan a ido ba su da bambanci da kayan gyaran babur ko na janareto, kuma sau tari a haka ake rubuta su a takarda. Alhaji zai karɓi saƙo a Gadarif, a ce masa kayan gyara ne na wane, don Allah a sauke a Gallabat. Ko direba ya karɓi kwali biyu a kan buhunan riɗi don ya samu na mai. Hukumomin Habasha sun sha sanar da kama ƙananan bindigogi ƙirar Turkiyya masu yawa da suka shigo ta Matamma, garin da ke fuskantar Gallabat, musamman daga 2018 zuwa gaba. Wanda ake kamawa a shinge ba shi ne mai kwantenar da ta sauka a Port Sudan ba, mai ɗaukar saƙon ne. A lokacin yaƙi kuma, inda jihohi ke ƙarƙashin dokar ta-ɓaci, kowane shinge yana da nasa alƙalin, ba wanda zai tsaya ya saurari bambancin bindigar iska da ta albarushi, balle daga bakin mai Larabcin da ake jin Hausa a cikinsa. Dokar makamai da harsasai da abubuwan fashewa ta Sudan ta 1986 ta hana ƙera makami ko cinikinsa ba da izini ba, amma kafin a kai ga kotun da za ta karanta ta, mota da kaya sun tafi, wani lokaci har da rai.

Kada kuma 'yan kasuwarmu na Maigatari da Mai'adua da Kamba da Ɗan Isa su ɗauka wannan labarin nesa ne. Hanyar da ta kai kakanninmu Makka ta Adare da Abeche da Kusuri har yanzu a buɗe take ga masu fasa-ƙwauri, kuma kaya ba ya tambayar inda aka nufa da shi tun farko. Ta teku ma haka. A Janairun 2017 kwastan ta kama bindigogi 661 a Legas, a Satumbar shekarar ta kama wasu 1,100 da suka taso daga Turkiyya, a tsakiyar 2024 kuma ta kama 844 da harsasai 112,500 a tashar Onne, an ɓoye su cikin ƙofofi da kayan ɗaki da kayan famfo. Wani abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, dokar makamai ta Nijeriya ta 1959 ta ambaci bindigar iska da sunanta a cikin waɗanda sai da lasisi, haka ma bindigar toka, kuma ƙera su ko gyara su sai da izini. Dokar fashi da makami ta 1984 ta tanadi ɗaurin da bai gaza shekara 10 ba, ko tara, ko duka biyun, ga wanda aka samu da makami ba bisa ƙa'ida ba. Ita ma yarjejeniyar ECOWAS ta 2006 kan ƙananan makamai ta haɗa har da sassansu, ba bindigar da aka harhaɗa kaɗai ba, kuma duk da cewa Nijar ta fice daga ƙungiyar a Janairun 2025, jandarma a hanyar Maraɗi bai daina buɗe kwali ba. Ke nan “ai ban san abin da ke ciki ba” ba ta fitar da kowa.

Abin da ya fi ba ni takaici a wannan lamari shi ne asarar hannu. Mutumin da zai iya feƙe ƙarfe har ya dace da wani ƙarfen ba tare da iska ta tsere ba, gwani ne, kuma Jazira ba ta taɓa buƙatar irinsa kamar yanzu ba. An sace taraktoci, an farfasa famfunan ban-ruwa, ƙofofin magudanan ruwa sun lalace, ciyawa da laka sun toshe hanyoyin da ke kai ruwa hawasha. Kayan gyara daga waje sun yi tsadar da manomi ba zai iya ba, domin fam ɗin Sudan ya faɗi warwas tun da aka fara yaƙi. Manoman bakin kogi daga Mai Wurno har Rusairis, masu albasa da tumatir da ayaba, rayuwarsu a kan injin ban-ruwa take. Injin da ke feƙe sashen bindiga shi ne dai zai feƙe sandar famfo ko ya gyara garmar tarakta. Bambancin kawai shi ne wa ya fi biya da wuri, kuma a yau mai tsoro ya fi manomi saurin zaro kuɗi. A nan ɗan kasuwa yana da ta cewa fiye da malami ko ɗan jarida. Idan masu sayen riɗi da ƙaro da dawa suka riƙa ba maƙeran ƙauye aikin kayan noma da kuɗin kafin alƙalami, kamar yadda suke ba manoma bashin iri, to maƙerin ba zai jira mai bindiga ba.

Ba na cikin masu jiran gwamnati ta zo ta tattara makamai. An gwada a 2017, lokacin da mataimakin shugaban ƙasa Hassabo Muhammad Abdurrahman ya jagoranci shirin a Darfur da Kurdufan, kuma dakarun da aka ɗora wa aikin karɓar makaman su ne RSF ɗin nan. Kowa ya ga inda aka kwana. Irin wannan shiri kan fara ne da mai rauni, a karɓe ta manomi a bar ta mai kaki. Abin da ke hannun jama'a shi ne abin da suka saba da shi tun asali. A ƙasar Hausa maƙeri ba ya aiki shi kaɗai, yana da Sarkin Maƙera, kuma Sarkin Maƙera yana da mai gari a samansa. A ƙauyukan Sudan akwai shaihun ƙauye da umda da limami. Su ne za su iya sanin wane shago ke aikin me, su tsawata tun abu bai fita ba, su kuma zama masu magana da hukuma in an zo da zargi, maimakon a bar kowane saurayi da wayarsa da dabararsa. Haka nan shugabannin tasha da na ƙungiyoyin 'yan kasuwa a Gallabat da Adare da Jibiya za su iya mayar da buɗe saƙo a gaban mai shi ya zama ƙa'ida, yadda ba wanda zai ji an ci masa fuska in an ce ya kwance kwali. Dattijon da ya ce wa ɗan ɗakinsa “yaro, buɗe mu gani” bai zarge shi da komai ba.

Saura maganar bakin rijiyar. Takunkumin makamai da Kwamitin Tsaro na Majalisar Ɗinkin Duniya ya sa tun 2004, aka faɗaɗa shi a 2005, yankin Darfur kaɗai ya shafa. Amnesty ta nemi a shimfiɗa shi a kan Sudan baki ɗaya, tawagar binciken da Majalisar ta kafa ita ma ta ba da wannan shawara a Satumbar 2024, amma a watan nan ɗin Kwamitin ya sabunta shi yadda yake, a kan Darfur. Ko da ma an faɗaɗa shi, sai an ambaci bindigar farauta da ta ƙara da sassansu a fili, domin ba a matsayin kayan yaƙi suke shigowa ba. Da rasit suke zuwa, da sunan kamfani, a biya musu kuɗin fito a Port Sudan kamar yadda ake biya wa taya da batir, daga nan su hau babbar mota zuwa Gadarif da Sinnar da Damazin.